Ana iya samar da ƙwayoyin da ke kunna bugun zuciya?

Ɗan Baba: Assalamu alaikum. Shekara takwas ke nan da aka sa wa Baba na'urar daidaita bugun zuciya, bayan ya yanke jiki ya faɗi yana alwala, bugunsa ya sauka zuwa 35. Yanzu likita ya ce batirin ya fara ja baya. In na ga yana shafa ɗan tudun nan a ƙirjinsa, sai tausayi ya kama ni. Na ji wai ana raino ƙwayoyin da ke kunna bugun zuciya a ɗakin gwaji. Da gaske ne?

Ɗalibar likitanci: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Da gaske ne. A 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya mai da ƙwayoyin fatar mutum ƙwayoyin tushe, waɗanda za su iya rikiɗa su zama kowace iri. A 2017 kuma masu bincike a Toronto suka yi amfani da ƙwayoyin tushe suka fitar da irin ƙwayoyin ɗan ƙullin da ke saman zuciya ta dama, wanda ke ba da wutar bugu 60 zuwa 100 a minti. Sun dasa wa beraye, ƙwayoyin kuma suka kunna bugu. Amma fa beraye ne, ba a kai ga mutane ba. Babban abin tsoro shi ne ƙwayoyin su riƙa bugawa ba bisa tsari ba.

Mai jinya: Ɗan'uwa, kada ku jira wannan. Canjin batiri ƙaramin aiki ne, yawanci wayoyin ma ba a taɓa su. Ku rike ranar da aka ba ku.

Ɗan Baba: Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan raka shi, in sha Allah.