"Baki shi ke yanka wuya": to waye ya wasa wuƙar?

Babban Yaya: Jama'a, ku taya ni duba wannan karin magana. Shekaranjiya na ce wa ƙanwata a gaban mijinta, "Ke ai tun kina yarinya ba kya riƙe amana." Nan take na ce subul da baka ne. Ta kalle ni ta ce, "Yaya, subul ɗin ma daga wani wuri ya taso." Tun ranar ba ta ɗaga wayata ba. Laifin baki ne, ko kuwa?

Dattijo: Ɗana, ƙanwarka ta yi maka wa'azi kyauta. Karin maganar sakamako take nunawa, ba ta faɗi tushe ba. Tushen Yesu ne ya faɗa a Littafi Mai Tsarki, a Matiyu 12:34, cewa abin da ya cika zuciya shi baki ke furtawa. Baki guga ne kawai. Abin da ke cikin rijiya shi yake ɗebowa.

Malamar Lahadi: Baba, a gafarce ni, amma kada mu wanke baki haka. Yakubu a sura 3 ta wasiƙarsa harshen ya kama kai tsaye, ya ce wuta ne, ya kawo misalin linzamin doki. Dawuda kuma a Zabura 141:3 mai gadi ya roƙa a sa masa a bakinsa. Kowa na jin haushi, ba kowa ke amayar da shi ba. Littafin Karin Magana 29:11 ma wawa ya kira mai zazzage fushinsa duka.

Dattijo: 'Yata, a wannan surar dai Yakubu ya tambaya ko marmaro ɗaya na fitar da ruwan daɗi da na ɗaci. Ya dawo kan rijiyata ke nan.

Mai Sauraro: Ni masu shiru nake tsoro. Akwai wanda bai taɓa zagin kowa ba, gaisuwa har ƙasa, amma ta ciki na ciki, shekara goma yana riƙe da mutum. Linzami ya kama bakin, dokin kuwa yana nan da haukarsa.

Malamar Lahadi: To Bitrus, almajirin Yesu, fa? Sau uku ya ce bai san Yesu ba, har da rantsuwa. Za mu ce abin da ke zuciyarsa ke nan?

Dattijo: Tsoro ne ya cika ta a daren da aka kama Yesu, shi ya fito. Amma ba shi kaɗai ke ciki ba, shi ya sa da zakara ya yi cara ya fita yana kuka mai zafi. A Yohanna 21 kuma Yesu bai ce masa "ka iya bakinka" ba. Sau uku ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa.

Babban Yaya: Baba, kun taɓo ni. Gaskiya akwai wani sirrina da ta fasa wa mahaifiyarmu muna yara. Na ɗauka na manta. Zan tura mata saƙo yanzu.

Malamar Lahadi: Saƙo kuma? A gaban mijinta ka faɗa, ɗan'uwa. Ka taka da ƙafarka, lokacin da yana gida. Kuma don Allah kada ka sake cewa subul da baka ne.