Shafen seramik na motata ya daina korar ruwa bayan wata biyar: ya mutu ne ko akwai gyara?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fentin mota. A watan Satumba na kai Camry ɗita wani gareji a nan Kaduna aka yi mata shafen seramik, wato wani siririn shafe da ake yi a kan fenti don ya kare shi, aka ce mini zai kai shekara 3 idan na kula da shi. A makonnin farko, idan ruwa ya sauka a kan bonet sai ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, amma yanzu da muke cikin Fabrairu shimfiɗewa yake yi, kuma idan rana ta haska ina ganin fararen tabo a saman motar. Yaron gidana yana goge mata ƙura da tsumma kowace safiya, ranar Asabar kuma ana wanke ta a bakin titi da ruwan burtsatse da omo. Shin kuɗina sun tafi ke nan, ko akwai abin da za a iya yi?

Ogan Fenti:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi saurin yanke masa hukunci, domin sau da yawa idan shafe ya daina korar ruwa ba mutuwa ya yi ba, wani abu ne ya hau kansa ya lulluɓe shi. Ruwan burtsatse yakan zo da sinadaran kalsiyam da magnesiyam, irin waɗanda suke barin farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, kuma duk lokacin da aka wanke mota a rana aka bar ruwan ya bushe da kansa, ruwan ne kaɗai yake tashi, su kuwa suna nan a kan fenti. Waɗannan su ne fararen tabon da kake gani. Omo kuma an yi shi ne don cire maiƙo daga tufafi, yana da kaifi sosai, kuma amfani da shi duk mako yana rage wa shafen ƙarfin korar ruwa.

Abin da zan ce ka yi shi ne ka wanke ta a inuwa, lokacin da jikinta ya yi sanyi, da sabulun mota na ruwa wanda aka rubuta pH 7 a jikinsa, wato marar kaifi, wanda kuma babu waks a cikinsa. A fara fesa ruwa da mesa ko injin feshi har ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa fenti. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye safar wankin, domin kada yashin da aka kwaso daga ƙasan ƙofa ya koma kan bonet. A fara daga sama a gangaro, tayoyi kuma a ware musu nasu soson. Bayan nan a fesa maganin cire tsatsar ƙurar birki, wanda za ka ga yana komawa launin shunayya idan ya haɗu da ƙarfe, sannan a bi tabon da maganin cire tabon ruwa. A tsane ta nan take da tawul ɗin maikurofaiba mai tsabta. Idan bayan haka ruwa ya koma dunƙulewa, to shafenka yana nan da ransa.

Injiniya Zazzau:
Oga ya yi bayani mai kyau, amma ni tsumman safe ya fi damuna a kan omo ɗin. Ƙurar hunturu da muke gani daga Nuwamba zuwa Maris, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓurɓushin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, kuma idan aka ja ta da busasshen tsumma a kan fenti, bambancinta da takardar goge katako kaɗan ne. Mutane suna ruɗuwa da 9H da ake rubutawa a jikin kwalbar shafen, suna zaton ƙarfin shafen ya kusa na lu'ulu'u, alhali wannan ma'aunin taurin fensir ne, ba ma'aunin Mohs na duwatsu ba, inda yashi yake a mataki na 7. Kaurin shafen gaba ɗaya bai wuce maikuron 1 zuwa 2 ba (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), silin gashin mutum kuwa yana kai kimanin 70. Saboda haka, Baban Sadiq, ka haska fitilar wayarka a kan bonet da dare, idan ka ga siraran layuka suna zagaye hasken kamar saƙar gizo-gizo, aikin tsumman ne, kuma wanki ba ya cire su. Gara motar ta kwana uku da ƙura a kanta da a goge ta a bushe sau ɗaya.

Maman Hanifa:
Ni tawa ta shiga shekara ta biyu kuma har yanzu tana korar ruwa, duk da cewa a ƙarƙashin darbejiya nake ajiye ta a wurin aiki. Abin da na koya shi ne kashin tsuntsu da na jemage ba a barin su su wuni a rana, domin suna cin shafen su bar shaida. Ina ajiye ƙaramar kwalbar feshi da tawul a mota, in jiƙa wurin, in jira ya yi laushi, sannan in ɗauke shi ba tare da dirzawa ba. Fararen tabon ruwa kuwa, idan sababbi ne, ruwan khal da aka gauraya da ruwa daidai wa daida yana cire su.

Ogan Fenti:
Hajiya, gaskiya ne yana aiki, sai dai a gwada a ƙaramin wuri tukuna, kada a bar shi ya bushe, kuma a ɗauraye sosai. Idan tabon ya riga ya ci cikin shafen, khal ba zai yi komai ba, sai dai folish da inji, shi kuwa folish yana kankare shafen ne baki ɗaya, dole a sake shafa wa wannan ɓangaren. Don haka, Alhaji, kada ka yarda masu wanki su ce za su sa mata folish ko waks don ta yi ƙyalli. Abin da ya dace da ita shi ne feshin ƙari mai silika, bayan kowane wata 3 zuwa 6, a kan mota wankakkiya.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Jiya da dare na haska fitila kamar yadda Injiniya ya ce, layukan suna nan a bonet da but, amma ƙofofi da sauƙi. Na karɓe tsumman daga hannun yaron. Oga, idan na yi wankin nan ranar Asabar ƙofofi suka dawo daidai, shin za a iya yi wa bonet da but folish a sake shafa musu kawai, ko sai an sake motar gaba ɗaya?

Ogan Fenti:
Za a iya yin su kaɗai, Alhaji, domin ɓangare-ɓangare ake aikin. Amma bayan an shafa, kada ruwa ya taɓa su na sa'o'i 24, kuma kada sabulu ya hau su sai an yi mako guda.