Mun koma tuwon alkama da acha, amma sugan Mama bai sauka ba. Ina kuskuren yake?

Ummu Sadiƙ, Fadaman Mada:

Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka mana. Mahaifiyarmu shekararta 58, wata huɗu ke nan da aka tabbatar mata da ciwon suga nau'i na biyu. An ɗora ta a kan metformin safe da yamma, da glibenclamide ƙwaya ɗaya da safe. Tun ranar muka raba ta da tuwon shinkafa da na masara, muka koma tuwon alkama da acha kamar yadda kowa yake faɗa. Shayi ma da zuma take sha. Karin kumallo kuma koko da ƙosai. Amma in muka gwada bayan ta ci abinci sai mu ga 240, wani lokacin 260. Tsoro ya sa ta fara tsallake abincin rana, ran nan wajen la'asar sai ga ta tana rawar jiki tana gumi. Me muke yi ba daidai ba, kuma me za ta riƙa ci a cikin abincinmu na gida?

Baban Iman, Ƙofar Ran:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin a zo kan tuwo, rawar jikin nan ita ce ta fi gaggawa.

Glibenclamide yana matsa wa jiki ya fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma yana daɗewa yana aiki. In ta sha da safe ta ƙi cin abincin rana, sugan yana iya faɗuwa. Gumi, rawar hannu, bugun zuciya, jiri, ruɗewa, ko faɗa ba gaira ba dalili, duk alamun faɗuwar suga ne. Duk lambar da ta gaza 70 ta yi ƙasa.

In hakan ta sake faruwa, a jiƙa mata sukari cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, ko ta sha rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake gwadawa. In har yanzu bai kai 70 ba, a maimaita. In ya hau, ta ci abinci sosai, domin maganin yana nan a jikinta, zai iya sake jawo shi ƙasa. In kuwa ta fita hayyacinta, kada a ɗura mata komai a baki, shaƙewa za ta yi. A kwantar da ita ta gefe, a nufi asibiti.

Ta riƙa yawo da ƙwayar sukari uku ko huɗu a jakarta. Kuma ku gaya wa likitanta abin da ya faru a cikin makon nan, kada ku jira ranar da aka ba ku. Mai yiwuwa ya rage maganin ko ya canja shi, musamman yanzu da za a rage mata tuwo. Amma kada ku tsayar da maganin da kanku.

Hajiya Mai Lissafin Abinci, Yelwa:

'Yar uwa, sannu da ƙoƙari. Kuskuren naku shi ne wanda ya cika gidajen Bauchi: an canja sunan tuwo, ba a canja girman malmala ba.

Garin alkama, dawa, gero, masara da acha, in kika auna giram 100 na kowanne, sitacin da ke ciki yana tsakanin giram 70 zuwa 80. Duk ɗan juma ne da ɗan jummai. Wannan sitacin shi yake narkewa ya zama suga a jini, ko da baki bai ji zaƙinsa ba. Wadda aka ce mata alkama magani ce takan ci malmala biyu hankali kwance, alhali da na masara ne da ɗaya za ta tsaya. Ba na cewa ba bambanci ko kaɗan. Hatsin da aka niƙa da dusarsa ya fi wanda aka surfa aka tankaɗe da rariya mai laushi, saboda dusar tana rage saurin narkewa. Don haka dawar da kika wanke kika kai inji ba surfe ta fi farin garin leda, kuma ta fi shi sauƙin kuɗi.

Ga yadda za ki zuba mata. Ki samo faranti madaidaici, wanda faɗinsa bai wuce santimita 23 ba, ya zama nata ita kaɗai. Cin abinci a tire ɗaya da jama'a ba ya barin mutum ya san nawa ya ci. Rabin farantin ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, lansir, yalo, kokwamba, ko miyar kuɓewa ɗanya mai yawa. Kashi ɗaya cikin huɗu kifi, ƙwai, nama maras kitse, awara ko alale. Ragowar kashi ɗayan ne gurbin tuwo ko shinkafa ko doya, kuma bai wuce girman dunƙulen hannunta ba. Nata hannun, ba na maigida ba.

In kina son awo da gwangwani: dafaffiyar shinkafa cikin gwangwanin madarar ruwa ɗaya tana da sitaci kusan giram 30. Ma'aunin da ake yawan farawa da shi giram 45 zuwa 60 ne a kowane cin abinci, wato gwangwani ɗaya da rabi, iyaka biyu, in babu wani mai sitacin a gefe. Kin ga ashe shinkafar ba haramun ba ce a gare ta. In za a yi shinkafa da wake, a juya lissafin, wake ya rinjayi shinkafa. Wake yana da sitaci shi ma, amma yana shiga jini a hankali, kuma yana riƙe ciki.

Sannan ta fara da ganyen da kifin, tuwon ya zo daga baya. Kwano guda na kwaɗon zogale kafin tuwo yana rage hawan da ake gani bayan cin abinci, kuma kafin ta kai kan malmalar ciki ya riga ya ɗauka. A dai ɗanɗana ƙuli-ƙulin, wani ana sa masa sukari.

Gishiri da dunƙulen miya ma a sassauta hannu, domin ciwon suga da hawan jini abokan tafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Abu Hanifa, Wunti:

Hajiya ta gama magana a kan tuwo. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne kokon nan da zumar.

Koko gasara ce da aka tace, aka zubar da dusa, aka dama ta zama ruwa. Abu mai ruwa ba ya jimawa a ciki, yana wucewa hanji nan da nan. Shi ya sa kofin koko ko ba sukari yake iya ɗaga lamba fiye da tuwon da aka yi da geron nan ɗaya. Haka kunun tsamiya, kunun zaƙi, da farau-farau. Fura da nono kuwa, matsalar tana ga furar da sukarin. Kindirmo zalla kofi ɗaya ba laifi, in ta matsa a dama mata rabin curi, ba sukari.

Zuma cokalin cin abinci ɗaya tana da suga kusan giram 17, ta ma ɗara cokalin sukari. Albarkarta daban, abin da take yi wa jinin mai ciwon suga daban. Shayi ta sha shi haka, ko da citta da kanumfari da 'yar madara maras zaƙi. Milo da Bournvita da madarar nan mai kauri duk da sukari a cikinsu. Kwalbar Coke ta 35cl tana ɗauke da sukari wajen giram 37, kusan ƙaramin cokali tara. Lemon malt da ake kai wa maras lafiya dubiya shi ma cike yake da suga. Zoɓo ba laifi in ba a sa masa sukari ko abarba ba.

Da safe ki gwada mata alale biyu da dafaffen ƙwai, ko ƙosai huɗu zuwa biyar da aka tsane mansu tare da kabeji da tumatir, ko faten wake da alayyahu. Ɗan wake a kula da shi, don sau da yawa garin rogo ko fulawa ya fi waken yawa a ciki.

Masa kuwa, na san ba a raba mutumin Bauchi da ita. Shinkafar tuwo ce aka niƙa, aka sa sukari, aka soya. In ana biki ta ci biyu, da miyar taushe mai ganye da nama, kada a barbaɗa sukari ko a zuba zuma, kuma ita ce tuwonta na wannan lokacin, ba ƙari a kansa ba.

Ummu Sadiƙ, Fadaman Mada:

Allah Ya saka muku da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Saura abu uku. 'Ya'yan itace fa? Sannan maƙwabta suna ta kawo mata ruwan shuwaka da garahuni wai ɗaci yana kashe suga. Kuma ta saba azumin Litinin da Alhamis.

Hajiya Mai Lissafin Abinci, Yelwa:

'Ya'yan itace ta ci, amma ta tauna, kada a matse mata ruwansu. Lemon zaƙi ɗaya da tsokar cikinsa, ko gwaiba ɗaya, ko yankan gwanda ko kankana kamar cikin kofi guda, sau ɗaya ko biyu a yini. Ayaba ƙarama, wadda ba ta nuna lugub ba. Lokacin mangwaro ne ake samun ɓarna, in ya cika kasuwar Muda Lawal ana saye da kwando, mutum ya zauna ya sha biyar. Rabin babba ɗaya ya ishe ta. Rake a bar shi. Dabino ƙanana uku sun kai giram 15 na suga, a lissafa su cikin abincin.

Shuwaka a miya ganye ce mai kyau. Amma ɗaci a harshe ba ya goge tuwon da aka riga aka ci. Jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba, a kan glibenclamide, suna iya faɗar da suga ba shiri, wasu kuma suna taɓa ƙoda, ga shi ciwon suga da kansa ƙodar yake bi. A yi mata gwajin ƙoda ko sau ɗaya a shekara. In an ga matsala, lissafin wake da nama da wasu ganyaye zai canja, sai abin da likita ya tsara.

Azumin nafila ta dakata tukuna har a daidaita maganin, tunda sugan ya taɓa faɗuwa. In likita ya yarda daga baya, ƙa'idar ita ce a karya azumi in lamba ta gaza 70 ko ta haura 300.

Baban Iman, Ƙofar Ran:

Ƙari a kan gwaji, don shi zai raba gardama. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan loma ta farko. Daga loma ta farko ake ƙirgawa, ba daga wanke hannu ba. In na'urarku tana nuna ƙananan lambobi irin 7 ko 10, ku ninka da 18 kafin ku kwatanta da waɗannan.

Ki sami littafi. Ki gwada kafin abinci, ki rubuta abin da ta ci da yawansa, ki sake gwadawa bayan awa biyu. Tsinken gwaji yana da tsada, don haka abinci ɗaya a yini ya isa: yau na safe, gobe na rana, jibi na dare. Cikin mako biyu za ki san wanne ne yake ɗaga nata, domin jiki ya bambanta. Ki sa ta taka na minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci, ko zagayen tsakar gida ne, ki kwatanta lambar da ta ranar da ta kishingiɗa.

Ta wanke hannu da sabulu ta busar kafin a huda, don yatsan da ya ɓare lemo yana ba da lambar ƙarya. Tsinken kuma a rufe robarsa da zarar an zaro ɗaya, a duba ranar lalacewarsa, kada a bar shi a mota ko jikin taga a zafin Maris da Afrilu. In kin ga lambar asuba ta hau alhali cin dare kaɗan ta yi, kada ki hana ta abincin dare, hanta ce take sako suga gab da wayewar gari. Ki rubuta, ki tafi da littafin ranar ganin likita, a haɗa shi da gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata uku.