Makarantun jinya uku sun ɗauke ni, wacce zan zaɓa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga waɗanda suka yi karatun jinya ko suke cikin aikin. Makarantu uku ne suka ɗauke ni, zaɓin kuma ya hana ni barci. Ta farko tana kusa da gida, kuɗinta da sauƙi, jeka-ka-dawo zan riƙa yi. Sai dai sabuwa ce, ko aji ɗaya ba ta yaye ba tukuna. Ta biyu tsohuwa ce, a jikin wani babban asibitin koyarwa take, shekara uku ake yi kamar ta farko, amma tafiyar yini guda ce daga gida, dole in zauna a hostal, kuɗin kuma ya kusa ninka na farko. Ta uku jami'a ce, digiri, ta fi su tsawon shekaru da tsada. Mahaifinmu ya yi ritaya, yayata ce za ta ɗauki nauyina, ita ma ga yaranta. Ba na son in ɗora mata abin da zai durƙusar da ita, ba na kuma son in gama in ajiye takarda a akwati.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye maganar kuɗi da nisa tukuna, akwai abin da ke gaba da su. Takardar da makaranta za ta ba ki ba ita ce ke ba ki izinin taɓa majinyaci ba, lasisi ne. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, kuma ba ta karɓar ɗalibi sai daga makarantar da ta amince da ita. Ki shiga shafin hukumar da kanki ki duba ko sunayen makarantun nan uku suna ciki. Kada ki yarda da "ai an kusa ba mu", ko wata takarda da aka liƙa a bangon ofis.

Ki kuma tambayi ɗalibai nawa hukumar ta yarje musu su ɗauka a shekara, nawa suka ɗauka. Wannan ya taɓa cin 'yar ƙanwata. Makarantar tana da amincewa, amma ta kwashi ɗalibai fiye da adadinta. Da lokacin jarrabawar hukuma ya zo sai aka ce su bi layi. Yarinyar nan ta gama komai, yunifom ɗinta a goge a rataye, ta shekara biyu a gida tana jira. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sabuwar makaranta ba laifi ba ce, amma ku ne za a yi gwaji da ku, ki san da wannan.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Abin da Anti ta faɗa shi ne farko. Na biyu, ina za ki yi firaktikal? Aikin nan a hannu yake. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce karatun jinya kada ya gaza awa 4,600, kuma aƙalla rabinsu a asibiti ne gaban majinyata. Wannan ya ishe ki gane inda nauyin yake.

An taɓa tura mu wani ƙaramin asibiti, mu takwas a kan gado ɗaya, ana wanke ciwo muna leƙe ta kafaɗar juna. Wata guda na yi ban sa wa kowa ƙarin ruwa ba. Da aka mayar da mu babban asibiti, a daren farko wata nas ta miƙo mini kanula, allurar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ta ce in nemo jijiyar wani dattijo da ruwan jikinsa ya ƙare. Hannuna na rawa, na soka na kuskure. Ta dafa hannuna, ta ce in daina nema da ido, in lalubo da yatsa. A karo na biyu na ga jini ya biyo. Abin da na koya a daren nan ya fi na watan can gaba ɗaya. Ki je asibitin da kowace makaranta ke tura ɗalibanta, ki gani da idonki: akwai ɗakin haihuwa, na yara, tiyata, sashen gaggawa? Ni dai ta biyu zan ce.

Maman 'yan biyu:
Ni kam ban bi ku duka ba. Kuna ta yabon ta biyu, kun manta wa zai biya. 'Yata, kuɗin da aka rubuta a takardar shiga ba shi ne kuɗin karatu ba. Ga hostal, ga ci da sha, ga yunifom da takalma da littattafai da kayan awo, ga kuɗin mota duk hutu, ga na jarrabawar hukuma da na lasisi a ƙarshe. Ki zauna da yayarki da biro da takarda, ku lissafa na shekara uku cur, ba na shekarar farko kaɗai ba. Na ga waɗanda suka shiga da murna suka fito a aji biyu don kuɗi ya yanke, ba takarda ba kuɗi. In ta kusa da gida tana da amincewa, ba abin rainawa ba ce. Ranar da kika fito daga aikin dare ƙafafunki sun kumbura, za ki san daɗin samun wanda zai ce miki sannu.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Gaskiya ne Mama, sai dai jeka-ka-dawo ma da tasa wahalar. Aikin safe da sassafe ake karɓa, na yamma kuma sai dare ake tashi. In gidan ba a bakin asibitin yake ba, kuɗin mota da fargabar hanya suna cinye rangwamen.

Malamin jinya:
Bari in ce wani abu kan samun aiki, tunda ba a taɓo shi sosai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da ma'aikatan jinya kusan miliyan 28, kuma ana da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Amma kada wannan ya ruɗe ki. Asibiti na iya rasa ma'aikata kuma ya rasa kuɗin ɗaukarsu. Abin da za ki tambayi kowace makaranta shi ne: ɗalibai nawa suka ci jarrabawar hukuma a zama na farko bara, kuma ina suke yanzu? Sau da yawa asibitin da ya horar da ke shi ke fara ɗaukarki, don sun ga aikinki.

Digiri kuwa yana da daraja. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2014, a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, ya nuna mace-macen bayan tiyata sun fi ƙanƙanta inda masu digiri suka fi yawa. Digirin ne kuma ke buɗe ƙofar koyarwa da shugabanci. Amma ba dole sai yanzu ba. Da yawa sun fara da difloma, suka kama aiki, suka ƙaro digiri da albashinsu. In kina da tunanin aiki a waje, Ingila na neman jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, da wasu biyu na hukumarsu, Amurka kuma jarrabawar lasisinsu, NCLEX. Za a kuma buƙaci bayanan karatunki daga makarantar da kika yi. Makarantar da ta rufe ko ba ta amsa wasiƙa tana iya tsayar da ke shekaru.

Anti Nas:
Ƙari kaɗan: ki tambaya ko ana biya kashi-kashi, ko akwai tallafin karatu. Wasu asibitocin na ɗaukar nauyin ɗalibi bisa sharaɗin ya yi musu aiki na wasu shekaru. In kin samu irin wannan, ki karanta sharaɗin da kyau kafin ki sa hannu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba shafin hukumar jiya da dare. Ta biyu da ta uku suna ciki, ta kusa da gida ban ga sunanta ba. Da na kira su suka ce ana kan hanya. Mun zauna da Yaya mun yi lissafin da Mama ta ce. Jami'ar ta fi ƙarfinmu a yanzu, ta biyun kuma za ta yiwu in sun yarda a biya sau biyu a shekara. Ranar Litinin za mu je mu ga hostal ɗin da asibitin. Ɗan uwa ɗalibi, in na isa me zan fara tambayar ɗaliban da zan tarar?

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Ki nemi 'yan aji uku, ba 'yan aji ɗaya ba. Ki ce su nuna miki littafin da ake sa musu hannu in sun yi aiki, ki tambaye su ko da hannunsu suka yi abin da ke ciki ko kallo suka yi. Ki kuma tambayi nisan hostal da asibiti in dare ya yi. Allah ya kai ku lafiya.