Neman shawara: ina son karatun koyar da yara masu buƙata ta musamman

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ina da NCE ta renon ƙananan yara, ina koyarwa a wata nazare mai zaman kanta, albashin a kuɗin adaidaita yake ƙarewa. Ɗan yayata sanƙarau ya kama shi yana shekara 2, ya tashi ba ya ji. An sha rubutu, an yi hayaƙi, kakarsa ta dage iska ce, har yayata ta yi yaji a kan maganar, sai da kawu ya shiga. Yanzu shekararsa 5, duk makarantar da aka kai shi sai su ce a dawo da shi gida. Ni nake zama da shi muna 'yar maganar hannunmu. Shi ne nake son cike DE, wato fom ɗin shiga jami'a kai tsaye da NCE ɗina, in karanta fannin a BUK. Wanda zan aura ya ce ba da yawunsa ba. Ko barci ba na yi.

Anti Malama: Ƙanwata saurare ni, fannina ne. BUK na da sashen, Jami'ar Jos ma haka, amma in da gaske kike Oyo za ki, kwalejin tarayya ta ilimi na musamman. Kuma maganar hannunku ta gida daban take da ta aji, wadda tushenta na Amurka ne, sai kin koya daga farko. Ki fara zuwa makarantar yara masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano ki ga aji da idonki.

Baban Ummi: Oyo kuma? Tana da NCE ta koma neman wata? Ki yi aikin jinya kawai. Matata ta gama digirin koyarwa, takardar na ƙasan akwati.

Maman Hanif: Ni takaicina nawa yaron. Bai yi magana ba har shekara 3, kowa na cewa nauyin baki ne, gadon ubansa. Da aka gwada jinsa an makara. Wata makarantar kuɗin ɗalibi biyu ta nema kafin ta karɓe shi.

Anti Malama: Ai akwai doka, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna wa masu nakasa wariya. Ku ne ba kwa bin haƙƙinku. Baban Ummi, ba kowa ne ya zo duniya don allura ba.

Mai tambaya: Na gode Anti, amma Oyo ba zai yiwu ba, kuma ba a Kano nake ba balle Tudun Maliki. Ni na san zan iya, yaron ni kaɗai yake kulawa.

Baban Ummi: To wa zai biya kuɗin makarantar? Kuma mijin fa?

Mai tambaya: Ai ba hanawa ya yi ba, cewa ya yi ba da yawunsa ba. Ba ku san shi ba ne.

Maman Hanif: Anti Malama, dokar nan ina ake kai ƙara?