Na karɓi riƙon zomo daga gidan ceton dabbobi, yaya zan ciyar da shi?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Ingila na karɓi riƙon wani zomo daga gidan ceton dabbobi, zai zauna wurina kafin a samo masa gida na dindindin. Namiji ne babba, an fiɗiye shi, nauyinsa kilo 2. Sun haɗo ni da busasshiyar ciyawa da abincin kanti mai ƙwaya-ƙwaya da ake kira felet. Felet ɗin yake ci, ciyawar kuwa sai dai ya kwanta a kai. Da safe kuma ina tarar da wani kashi mai laushi da wari, a cure kamar inabi. Zawo ne? Me zan ƙara, me zan rage?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Nana. Ba zawo ba ne. Kashi iri biyu zomo yake yi: busasshe mai ƙwallo-ƙwallo, da mai laushin nan wanda yake cinyewa kai tsaye daga duburarsa, galibi da dare, domin akwai sauran furotin da bitamin a ciki. In yana barinsa a ƙasa, yawanci felet ne ya yi masa yawa. Zawo na gaske ruwa ne tsululu, shi kam sai likitan dabbobi nan take.

Ciyawa ce ya kamata ta zama kusan kashi 85 cikin 100 na abincinsa, kullum tulin da ya kai girman jikinsa. Felet kada ya wuce giram 25 ga kowane kilo, naki ke nan giram 50 a yini, rabi da safe rabi da yamma. Ki auna da sikeli, ido yana ruɗi. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba sukan ƙaru da kamar milimita 2 a mako, kuma taunar ciyawa ce ke goge turamen. In ba ya ci, gefensu ya yi tsini ya yanki harshe da kumatu, sai ki ga yawu ya jiƙa masa haɓa.

Ki zuba ciyawar a jikin kwandon da yake bahaya, don suna son ci suna kashi. Ki sabunta ta safe da yamma. Mai ƙura ko warin ruma ba zai taɓa ba, ki nemi mai ɗan kore da ƙamshi.

Anti Ladi:
Ƙari a kan bayanin Baban Sadiq. A gida mun saba ganin ana ba zomaye harawa da dusa, amma wannan kiwon ƙiba ne da haihuwa. Harawa da alfalfa duk dangin wake ne, kalsiyam ɗinsu da yawa. Babban zomo fiɗiyayye in ya dimance su, fitsarinsa ya yi kauri kamar alli, har tsakuwa ta kan fito a mafitsara. Ki tsaya kan ciyawar Timothy ko ta makiyaya.

Ɗanyen ganye cikin hannu ɗaya a yini, wankakke: ganyen karas, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, kabeji kaɗan. Sabon ganye ɗaya bayan ɗaya, ki duba kashinsa washegari. Rage felet ma a hankali, cikin mako biyu zuwa huɗu. Karas da tuffa zaƙi ne, ɗan yanka kawai jefi-jefi. Ban da albasa, tafarnuwa, dankalin turawa, fiya (avocado), burodi, da ciyawar da injin yanka ya tara, tana saurin ruɓa ta kumbura masa ciki. Ruwa a kwano mai nauyi da ba zai kifar ba.

Yaya Umar:
'Yar uwa, cikin abubuwan da suka fi kashe zomaye akwai tsayawar hanji. Zomo ba ya amai, kuma dole cikinsa ya yi ta aiki. In kashin ya ƙanƙance, ko ya takure yana cizon haƙora, ko ya kai awa 12 bai ci ba, kada ki jira gari ya waye. Ki ajiye lambar gaggawa ta gidan da suka ba ki shi, tunda nasu ne kuma suna da likitansu. Ki tambaye su katin rigakafinsa, a Ingila duk shekara ake yi musu allurar myxomatosis da RHD, cututtuka biyu masu kashe zomaye.

Kada ki ba shi maganin da likita bai rubuta ba. Amoxicillin ta baki tana kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, maganin ƙuma mai fipronil irin Frontline kuwa guba ne gare shi. Kashin nan mai laushi in ya manne a gindinsa, a lokacin zafi ƙuda na yin ƙwai a wurin, tsutsa ta fara cin nama cikin yini guda. Ki riƙa dubawa safe da yamma.

Maman Nana:
Allah ya saka da alheri. To in ya ɓata jikinsa zan iya yi masa wanka?

Yaya Umar:
Amin. A'a, kada ki tsoma shi a ruwa, firgita da sanyi na iya illata shi. Ki goge wurin kawai da tsumma da ruwan ɗumi, ki busar sosai. Wajen ɗauka kuma ban da kunne: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe gindi, kina zaune a ƙasa, don in ya yi harbi a sama ƙashin bayansa na iya karyewa.