Neman shawara: 0.7 na fazi set da 0.7 na furobabiliti sun rikita ni

Ɗalibar lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji huɗu a jami'a, furojet ɗina a kan fazi set ne, wato rukunin da abu ke shiga cikinsa gwargwado, da daraja daga 0 zuwa 1. Na rubuta cewa idan darajar abu a rukuni 0.7 ce, to akwai yiwuwar kashi 70 cikin 100 yana ciki. Malamina ya ja jan biro a kai, ya ce na cakuɗa abu biyu. Yau kwana uku ina kallon layin nan ban ga kuskuren ba, ga lokaci yana ƙurewa. Don Allah a taimaka.

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki na da gaskiya. Ɗauki mangwaro a hannunki, kin latsa kin shinshina, gefe guda ya yi ja, ɗayan da sauran kore. Ba abin da ya ɓuya miki, amma in aka ce ya nuna, sai ki ce ya nuna da saura. Wannan shi ne 0.7 na fazi set, gwargwadon nunarsa. To ga kuma buhu a ɗaure, mangwaro goma a ciki, bakwai nunannu lugub, uku ɗanyu shar. Kafin ki zura hannu, yiwuwar zaro nunanne 0.7 ce, wannan shi ne furobabiliti. Da kin zaro kin duba, magana ta ƙare. Na hannunki kuwa, ko sau ɗari kika duba yana nan a 0.7. Abin da Lotfi Zadeh na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ya kawo ke nan a 1965.

Mai digiri na biyu:
Ƙari a kan bayanin Malam, 'yar'uwa: gwada "ya nuna kuma bai nuna ba". A furobabiliti sifili ne. A tsarin Zadeh ƙaramar daraja ake ɗauka tsakanin 0.7 na nuna da 0.3 na rashin nuna (a cire 0.7 daga 1), sai ki samu 0.3. Ni ma nan na daɗe ina tuntuɓe. Ki kula kuma, a 1978 Zadeh ya fito da fosibiliti (gwargwadon yadda abu ya dace da bayanin da ake da shi), shi ma daban yake, alhali mu duka "yiwuwa" muke ce musu. Ki fayyace kowace kalma tun a babi na ɗaya.

Ɗalibar lissafi:
Wallahi mangwaron nan ya warware mini. Allah ya saka da alheri, yau zan gyara layin.